Minti Goman Farko: Hujjar Horar Da Ma'aikatan Jinya Na Karkara Kan Agajin Gaggawa

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi haɗarin mota a kan hanya, ko haihuwa ta zo wa mace da gardama, ko maciji ya sari manomi a gona, abin da ake fara cewa shi ne, "A kai asibiti." Wannan magana daidai ce. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato daga lokacin da abin ya auku zuwa lokacin da za a isa babban asibiti, wane ne yake riƙe da ran majiyyacin? A ƙauyuka da yawa na ƙasar nan amsar ita ce babu kowa. Akan ɗora mutum a bayan a-kori-kura ko a kan babur, jini na zuba, a yi tafiyar awa ɗaya ko biyu, a isa hannun likita bayan aikin gama ya gama.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ma'aikatan jinya da jami'an kiwon lafiyar al'umma da ke zaune a ƙananan asibitocinmu na karkara su ne suka fi cancanta su cike wannan giɓi. Ya kamata a horar da su kan agajin gaggawa tun suna makaranta, a ba su kayan aiki, a ba su izinin doka, sannan a riƙa sabunta musu horon. Hujjata ta farko daga ilmin halittu take, domin jikin ɗan Adam yana da nasa agogon, kuma wannan agogo ba ya jiran mota.

Agogon da ke cikin jiki

Mai karatu, bari mu fara da ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbun ajiyar wannan iska. Idan numfashi ya tsaya, ko zuciya ta daina harba jini, mutum kan fita hayyacinsa cikin daƙiƙoƙi, kuma bayan minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan fara mutuwa. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Wani abin takaici kuma shi ne, mutumin da ya suma yana kwance rigingine, tsokokin maƙogwaronsa sukan saki, harshensa ya koma baya ya toshe hanyar iska. Irin wannan mutum yana iya rasuwa alhali rauninsa bai kai na kisa ba. Ɗaga haɓarsa, ko kwantar da shi a gefe guda, ya isa ya buɗe hanyar.

Sai kuma jini. Baligi yana da kimanin lita 5 na jini a jikinsa. Idan ya zubar da kaɗan, jiki yakan yi dabara: zuciya ta ƙara sauri, ƙananan jijiyoyin fata su tsuke domin a tura jinin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa za ka taɓa mai rauni ka ji jikinsa ya yi sanyi, yana gumi, yana kukan ƙishirwa. Amma idan asarar ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, dabarar jiki takan gaza, awon jini ya faɗi, ƙoda da sauran gaɓoɓi su fara lalacewa. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya tsiyayar da fiye da lita ɗaya a cikin tsoka, ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya a waje ba.

Ga mai haihuwa kuwa, abin ya fi haka sauri. A ƙarshen ciki, jinin da ke bi ta mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Bayan mabiyiya ta fita, tsokar mahaifa ce ke tsukewa ta matse bakin jijiyoyin. In ta ƙi tsukewa, mace mai cikakkiyar lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. Jaririn da ta haifa shi ma yana da nasa wa'adin. Kusan ɗaya cikin kowane jarirai 10 yana bukatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma masana sun ce a fara ba shi wannan taimako cikin minti ɗaya da haihuwarsa.

Haka nan ruwan jiki. Cutar kwalara tana iya fitar da lita da yawa daga jikin mutum a yini guda. A shekarar 2021 an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Alhali a bangon hanji akwai wata ƙofa da ke shigar da gishirin sodiyam tare da sukarin gulukos, ruwa kuma ya bi bayansu, kuma gubar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. Wannan shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari. A shekarar 1971, wani likita ɗan ƙasar Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh, mace-macen masu kwalara suka sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100. Waɗanda suka riƙa shayar da marasa lafiyar, yawancinsu 'yan'uwansu ne da ƙananan ma'aikata.

In mun haɗa waɗannan misalai za mu ga abu guda: jiki yana lissafi da mintuna, hanyar zuwa babban asibiti kuwa tana lissafi da awoyi. Saboda haka wanda ya fi kusa shi ne ke iya ceto, in har ya san abin yi.

Wane ne ya fi kusa?

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka haɗu a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar jama'a. A Nijeriya, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage wajen kai wannan tsari ƙananan hukumomi, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da shi. Albarkacin wannan tsari, akwai dubban ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani a karkara, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla guda ɗaya mai aiki sosai.

Likita ba ya zama a mafi yawan waɗannan wurare. Wanda za ka tarar shi ne ma'aikacin jinya, ko unguwarzoma, ko jami'in kiwon lafiyar al'umma. Aikin da aka fi sanin su da shi shi ne allurar rigakafi, da awon ciki, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da wayar da kan jama'a. Duk waɗannan ayyuka ne masu daraja. Amma da tsakar dare, in aka zo da yaro yana jijjiga ko mai jego tana zubar da jini, ƙofarsu ake bugawa. Ke nan jama'a sun riga sun naɗa su masu agajin gaggawa tun kafin hukuma ta shirya su. Abin da ya rage shi ne shirin ya dace da nauyin da aka ɗora musu.

Wani zai ce ai motocin ɗaukar marasa lafiya su ne mafita. Lallai ana bukatarsu, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na agajin gaggawa da irin waɗannan motoci. To amma ko da mota tana da mai da direba, sai ta je sannan ta dawo, kuma da damina akwai garuruwan da kwazazzabo ke raba su da kwalta. Kafin ta iso, minti goman farko sun daɗe da wucewa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa

Wannan ra'ayi an gwada shi a wurare masu kama da namu. Daga shekarar 1997, wasu likitoci daga ƙasar Norwe sun horar da ma'aikatan lafiya na karkara a arewacin Iraƙi da Kambodiya, yankunan da nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ke raunata manoma. Su kuma ma'aikatan suka koya wa dubban mutanen ƙauye dabarun farko. Babu motoci na musamman, tafiya zuwa asibiti kuwa takan ɗauki awoyi. Duk da haka, mace-macen masu rauni sun ragu daga kimanin kashi 40 zuwa kimanin kashi 15 cikin 100. Cikin abin da aka koyar akwai buɗe hanyar iska, da tsayar da jini, da ƙarin ruwa, da lulluɓe majiyyaci don kada jikinsa ya yi sanyi.

A ƙasar Gana, wajen ƙarshen shekarun 1990, an lura cewa direbobin haya ne ke kai mafi yawan waɗanda suka yi haɗari asibiti. Sai aka ba ɗaruruwansu horon 'yan awoyi, kuma bincike ya nuna sun riƙa aiki da abin da suka koya. A Tanzaniya, shirin koya wa ma'aikatan ɗakin haihuwa yadda ake taimaka wa jariri ya yi numfashi ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kusan rabi a asibitocin da aka gwada shi.

A nan gida ma muna da shaida. A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda masana daga Jami'ar Bayero ta Kano suka taka rawa a cikinsa. An yi amfani da wata leda mai awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa domin a san ainihin yawan jinin da ta zubar, maimakon a yi ƙiyasi da ido. Da zarar jinin ya kai iyaka, sai a yi abubuwa da dama a lokaci guda: murza mahaifa, da allurar oksitosin, da maganin tiranezamik mai hana gudan jini narkewa, da ƙarin ruwa. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kashi 60 cikin 100, kuma unguwarzoma ne suka yi mafi yawan aikin. Ga ƙasar da ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna ita ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa, wannan darasi ne mai girma.

Me ya kamata a koyar?

Ba sai mun ƙirƙiro manhaja daga tushe ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da Kwamitin Red Cross na Duniya sun fitar da wani kwas na 'yan kwanaki domin ma'aikatan da ke aiki inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Ginshiƙinsa tsari ne mai hawa biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya: a duba hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini, sai hankalin majiyyaci, daga nan a duba jikinsa duka. Hikimar jerin ita ce a fara da abin da ya fi saurin kisa. Ma'aikacin da ya saba da wannan tsari, ƙashin da ya karye ya fito waje ba zai ɗauke masa hankali ya manta da numfashin da ke shirin tsayawa ba.

A kan wannan ginshiƙi sai a ɗora matsalolin da suka fi damun yankinmu. Na farko shi ne tsayar da jini ta hanyar danne rauni da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, da sanin lokacin da ya wajaba a ɗaure hannu ko ƙafa, da rubuta lokacin da aka yi ɗaurin. Na biyu shi ne danna ƙirji ga wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti, da amfani da 'yar jakar hura iska ga babba da jariri.

Na uku, saran maciji. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi yi wa manoma da makiyaya ɓarna a yankunan Gwambe da Filato da Taraba, har ta sa akwai asibiti na musamman a Kaltungo. Dafinta yana cinye sinadaran da ke daskarar da jini, sai mutum ya riƙa zubar da jini ta dadashi da tsofaffin raunuka da cikin jiki. Saboda haka tsaga wurin saran da reza ƙarin musiba ne, ɗaure ƙafa tamau yana iya jawo ruɓewa, tsotsa da baki ko ɗora baƙin dutse kuwa ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a hana gaɓar motsi a gaggauta neman allurar kashe dafi. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da aka bunƙasa a binciken da aka yi a arewacin Nijeriya cikin shekarun 1970: a zuba jinin majiyyaci kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini. Kowane ɗakin shan magani zai iya yin wannan.

Na huɗu, jijjiga. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sa musu maganin atesunet ta dubura kafin a wuce da su babban asibiti. Mai ciki da ke jijjiga ita kuma tana bukatar allurar farko ta maganiziyam kafin a ɗauke ta. Na biyar, ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na tsawon minti 20, a guji shafa ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai.

Na ƙarshe shi ne tantance majiyyata idan suka zo da yawa a lokaci guda. A watan Oktoba na 2024 tankar man fetur ta faɗi a garin Majiya da ke Jihar Jigawa, ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, wasu da dama suka ƙone. A irin wannan rana, ma'aikacin da ke kusa dole ya san wanda za a fara ɗauka, da wanda zai iya jira, da asibitin da ya kamata a sanar kafin mota ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ma'aikacin da aka koya wa waɗannan dabaru zai iya ɗaukar kansa likita ya riƙe majiyyacin da ya kamata ya tura gaba. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa kuwa a cikin horon yake, domin rabin agajin gaggawa shi ne sanin iyakarka. Manufar ita ce a tsare rai, a daidaita majiyyaci, a miƙa shi gaba da takardar bayani. Tun 2014 Nijeriya take da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta ba ƙananan ma'aikata damar yin wasu ayyukan ceton rai bayan horo. Sai a fayyace iyakar a rubuce, a kuma sa ido.

Wasu kuma za su ce aiki ya riga ya yi wa waɗannan bayin Allah yawa, ga ƙarancin albashi, ga abokan aikinsu na ficewa zuwa ƙasashen waje. Gaskiya ne. Amma majiyyatan gaggawa suna zuwa musu ko an horar da su ko ba a horar ba. Babu abin da ya fi karya zuciyar ma'aikaci kamar mutum ya rasu a hannunsa bai san abin yi ba. Abin da adalci ke bukata shi ne horon ya zo da alawus, da gidan kwana kusa da asibiti, da fitila, da waya.

Sai batun tsoron hukuma, wanda ke sa mutane su ja da baya daga mai rauni. Ya kamata kowa ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin wannan fanni. Wata dokar ta 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda. Doka tana nan, saura a sanar da ita a kuma yi aiki da ita.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta mantuwa. Bincike ya nuna ƙwarewar danna ƙirji takan fara dusashewa cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa. Don haka taron bita na kwana uku a babban birnin jiha, a raba takardar shaida a watse, ba zai wadatar ba. Ana bukatar gajeren atisaye a kai a kai a cikin asibitin da mutum yake aiki, da mutum-mutumin gwaji, da kayan da zai tarar ranar da abin ya faru. Horo kuma ba ya aiki da hannu wofi: safar hannu, da bandeji, da ruwan ƙari, da jakar hura iska, da oksitosin da aka adana a wuri mai sanyi, dole su kasance a akwati guda da ba a kullewa da dare.

Rabon makarantu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin jinya da aka horar zai iya zama malamin garinsa, ya koya wa direbobin tasha da masu acaɓa da unguwarzoman gargajiya. A jihohin Arewa da dama an riga an ga yadda 'yan ƙungiyar direbobi ta ƙasa suka sa kai wajen kai mata masu naƙuda asibiti. Makarantun sakandare su ma suna da rabonsu. Malamin ilmin halittu da ke koyar da zagayawar jini zai iya gayyato ma'aikaciyar jinya ta garin ta nuna wa ɗalibai yadda ake jin bugun jini a wuyan hannu, da yadda ake danne rauni, da yadda ake kwantar da wanda ya suma. Darasin da aka taɓa da hannu ya fi zama a kai. Ɗalibai kuma su haddace lambar 112 ta kiran gaggawa, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Ga masu tunanin sana'ar da za su bi, musamman 'yan mata, su sani aikin jinya a karkara aiki ne na ilmi da jarumta.

Kammalawa

Ina kira ga majalisar da ke kula da aikin jinya da unguwarzoma, da kwalejojin kimiyyar lafiya, da ma'aikatun lafiya na jihohi, da su mayar da agajin gaggawa darasi na dole wanda ake jarraba ɗalibi a kansa da hannu kafin a ba shi lasisi. Ƙananan hukumomi su tanadi akwatin gaggawa a kowane ɗakin shan magani, jami'o'inmu kuma su riƙa bin diddigi domin a san abin da ke aiki. Kuɗin da wannan zai ci kaɗan ne in aka kwatanta da gina babban asibiti guda, amfaninsa kuwa zai kai har ƙauyen da kwalta ba ta je ba. Rai a hannun Allah yake, amma an umurce mu da yin sababi, kuma sababin farko yana hannun wanda ya fara isa wurin majiyyaci.